A Bari Mai Kunnen Ya Yi Magana

Aikin kwantar da kunne ba yau aka fara shi ba. Tun a 1881 wani likita a birnin New York, Edward Ely, ya yi wa wani yaro tiyata don kunnuwansa da suka baje su kwanta. A 1963 likitan Birtaniya John Mustardé ya fito da dabarar da ake bi har yanzu: a tsaga fata ta bayan kunne, a lanƙwasa guringuntsi, a ɗaure shi da zaren da ba ya narkewa. Amma duk wannan gwaninta ba ta ƙara wa kowa ji. Kunnen da ya baje lafiyarsa ƙalau, bakin mutane ne kawai ya sa shi gaba. Shi ya sa nake ganin bai kamata iyaye su yi gaban kansu ba, sai yaron ya nuna abin yana damunsa.

Masu goyon bayan gaggawa za su ce tsokanar yara ba wasa ba ce. Gaskiya ne. Yaron da ake kira mai kunnen zomo kullum a makaranta yakan koma ɓoye kai cikin hula ko da ana zafi. Sai dai su kansu likitocin ba sa yin aikin kafin shekara 5, domin guringuntsin bai yi ƙwarin riƙe ɗinki ba. Yaron da ya kai wannan shekara kuwa yana da bakin faɗin abin da ke ransa. Shi za a sa wa maganin barci, shi zai yi makonni yana kwana da ɗaurin kai. Wanda bai so ba, cire shi zai yi ta yi. Mai son yi da wuri yana da dama a makonnin farko bayan haihuwa, lokacin da kunnen jariri ke da laushi, ana iya gyara shi da 'yar roba ba tare da wuƙa ba.

Akwai kuma abin da ya fi shafar masu baƙar fata: tabon nan da ke kumbura ya zama ƙullutu, irin wanda kan fito wa wasu mata bayan hudar kunne. Kunne na cikin wuraren da ya fi kamawa, kuma ko an yanke shi yakan dawo. Duk gidan da aka san da irin wannan tabo, a gaya wa likita tun kafin a sa ranar aiki.