Sharhi: Yadda Kamfanin Ruwa na Landan Yake Tallafa wa Ƙungiyar WaterAid

Masu iya magana sun ce ruwa abokin aiki. Sai dai a yankunan karkara da dama, samun ruwan shi kansa aiki ne da ke cinye safiyar mata da yara, har yakan hana wasu zuwa makaranta. Wannan matsala ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha da tsaftar muhalli. Domin amsa wannan kira, hukumomin ruwa na ƙasar Birtaniya suka kafa ƙungiyar agaji ta WaterAid a watan Yulin 1981, ta kuma fara ayyukanta a ƙasashen Zambiya da Siri Lanka.

A 1989 aka sayar da hukumomin ruwan Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, amma dangantakarsu da ƙungiyar ba ta yanke ba. Kamfanin Thames Water, wanda ke bai wa birnin Landan ruwa, yana daga cikin waɗanda suka riƙe wannan zumunci. Tallafin nasa ya bi hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce tara kuɗi. Ma'aikata kan yarda a riƙa cire wani abu daga albashinsu duk wata, su shirya gasar tsere da liyafar gidauniya. An kuma daɗe ana haɗa takardar neman gudummawa da takardar biyan kuɗin ruwa da ake aika wa magidanta. Kowa ya ba da kaɗan, amma da yake masu bayarwar suna da yawa kuma ba su fasa ba, abin ya ɗore fiye da shekaru 40.

Hanya ta biyu ita ce ilmantarwa. 'Yan sa kai kan ziyarci makarantu su bayyana wa yara inda ruwan famfo yake fitowa, da yadda gurɓataccen ruwa ke haddasa kwalara da gudawa. Yaron da ya san darajar ruwa tun yana ƙarami, shi ne magidancin da zai ba da gudummawa gobe.

Duk da haka, kyauta ba ta sauke nauyin da ke wuyan mutum. A 2025, hukumar Ofwat mai sa ido kan kamfanonin ruwa ta ci tarar Thames Water sama da fam miliyan 120, mafi yawanta saboda yadda yake sakin ruwan ƙazanta cikin koguna. Taimakon na nesa ba ya wanke laifin sakaci da na kusa.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin tun tsakiyar shekarun 1990 WaterAid ta shigo Nijeriya, ta kuma yi ayyuka a jihohi irin su Bauchi, Filato, Binuwai da Jigawa. Wani ɓangare na kuɗin irin waɗannan ayyuka daga aljihun talakawan wata ƙasa ya fito. Amma mai ba da agaji ba zai dawo duk ranar da famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ba.

Saboda haka ya dace kwamitocin ruwa na ƙauyuka su riƙa karɓar ɗan karo-karo a kai a kai, su rubuta shi a littafin da kowa zai iya dubawa, tun kafin burtsatse ta tsaya. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su ware kuɗin gyara a kasafinsu, su tura jami'an lafiya makarantun firamare su koyar da wanke hannu da adana ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.