A Karanta Mana Kason Wata Kamar Yadda Ake Karanta Gaisuwa

Iyayena, yayyena da ƙannena, matan jam'iyya na Kutawa da sauran mazaɓun Dutsin-Ma da Kurfi.

Ni dai a cikin shirye-shiryen rediyo ba wanda ya kai mani Zaɓi Sonka. Mun taso muna dariyar Samanja a Rediyon Kaduna, Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, amma filin gaisuwa daban ne. Ki duba yadda mai gabatarwa ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, wance a Birchi tana gaida wance a Wurma, da surukarta, da mai jego, har ɗan autanta. Ba ya gajiya, ba ya tsallake kowa, kuma in ya tsallake sai an kira an tuna mashi.

To bakin da ya iya karanta sunaye haka, me zai hana shi karanta mana kuɗin ƙaramar hukuma? Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin tarayya, Dutsin-Ma da kasonta, Kurfi da nata. Ba asiri ba ne, ana sa alƙaluman a intanet. Sai dai da Turanci suke, cikin dogon jadawali, kuma mace nawa ce a ƙauyukanmu ke da data da lokacin wannan? Rediyo kuwa yana gindin murhu, yana wurin sussuka.

Abin da nake so kenan: minti 15 a wata, a Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM, da Hausa tsantsa. Nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa ya tafi asibitin mazaɓa, wace rijiyar burtsatse aka gyara, wa aka ba kwangilar. Sannan a buɗe waya mu kira.

Ba alfarma muke roƙo ba. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In sun iso, a faɗa mana. In sun maƙale a hanya, wannan ma a faɗa. Kuma mu Katsinawa ba baƙin abin nan ba ne: marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007 ya bayyana wa duniya dukiyarsa, ba wanda ya tilasta shi.

Na san wata za ta ce, Hajiya, wannan ai tona wa namu asiri ne. Haba 'yar'uwa! Uwar adashin da ke ɓoye littafi ita ake zargi, ko da ba ta ci ko sisi ba. A Islamiyya an karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, kan rubuta bashi take. Balle dukiyar jama'a. Kuma ku tuna, in zaɓe ya zo mu ne masu shiga gida-gida. Mu ake tara a tsakar gida a ce, ina abin da kuka yi mana? Atamfa da sabulu ba su amsa wannan tambaya. Ni na fi son in shiga da lissafi a bakina, wanda matar gidan ta riga ta ji da kunnenta.

Saboda haka duk wadda ta samu layi a shirin kiran waya wannan makon, ta yi gaisuwarta, sannan cikin ladabi ta nemi a fara wannan fili. Ban da zagi, ban da kama suna. A taronmu mai zuwa za mu rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu takarda, kowace mazaɓa ta sa hannu. Wadda ba ta da babbar waya, maƙwabciya ta karanta mata wannan saƙo.

Wassalam.
Taku, Shugabar Mata, Kutawa