Zango a inuwar gawo

A da, mai son kwanan daji gandun W yake nufa, wanda aka kafa a 1954, ya sauka Tapowa, ya bi sawun giwa da ɓauna. Yau rashin tsaro ya toshe wannan hanya.

Amma wanda ya iso Matamaye da rani ba ya rasa inuwar ya da zango, gama gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Da asuba baƙo ya bi turba zuwa fadamun Korama, ya ga garkunan rake.

Sai dai wurin gonakin mutane ne. Baƙo ya nemi iznin mai gari, kada ya sari reshe don hura wuta: ganyen gawo takin hatsi ne, ƴaƴansa abincin bisashe.