Ziyarar Daura ba Sai da Kuɗi ba

Mutane da yawa sun ɗauka yawon buɗe ido sha'ani ne na masu hannu da shuni. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ce ke hana ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi sanin ƙasarsu. Garin Daura ya isa misali.

Matafiyin da ya sauka Daura da kuɗin mota kawai zai iya zagaya tsohon gari da ƙafa. Zai isa unguwar da rijiyar Kusugu take, inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ta hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Zai tsaya ƙofar fada ya ga dogarai, ya ji kirarin maroƙa. Idan zuwansa ya dace da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, zai kalli hawan sarki ba tare da biyan ko kwabo ba. A kasuwa kuwa, kunnensa zai tsinci karin harshen Dauranci daga bakin masu shi.

Abin da ake bukata shi ne ladabi: sallama ga dattawa, da neman izini kafin ɗaukar hoto. Malamin da zai koyar da tarihin Hausa Bakwai bai kamata ya dogara ga littafi kaɗai ba, domin gani ya kori ji. Wanda ya taka ƙasar Daura zai tsaya gaban ɗalibansa da abin faɗa.