Teku a kan gado

Nijar ba ta da teku, amma teku ya shigo ɗakunan amare. Duk wanda ya ratsa layin masu kayan ɗaki a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram zai ga zannuwan gado da rigunan matashi ɗauke da hoton gaɓar ruwa: sama ta yi baƙi ƙirin, igiyar ruwa na dukan duwatsu, can gefe wata hasumiya mai fitila na tsaye ita kaɗai. Ba zanen hannu ba ne, hoto ne na gaske aka buga a kan yadi.

Irin wannan hoto yana da asali. A ranar 21 ga Disamba 1989, wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Jean Guichard, ya shiga jirgi mai saukar ungulu cikin guguwa, ya nufi hasumiyar La Jument, kusa da tsibirin Ouessant a yammacin Faransa. An kunna fitilarta tun 1911, bayan da jirgin ruwa Drummond Castle ya nutse a wannan yanki a 1896 da mutum fiye da 240. Mai gadin hasumiyar ya ji ƙarar jirgi, ya buɗe ƙofa ya leƙo, daidai lokacin da igiya mai kama da tsauni ta taso daga bayan ginin. Da ƙyar ya koma ciki ya rufe ƙofa. Hoton ya zagaya duniya, kuma a 1991 aka janye masu gadin, na'ura ta karɓi aikin. Abin da ya kusa zama ajalin bawan Allah, yau danginsa ne ake shimfiɗawa a yi barci a kai.

Sai dai abin da ya shafi aljihu yana cikin yadin ne. Galibin waɗannan zannuwa ana buga hoton a takarda tukuna, a ɗora ta kan yadi, a danne da zafi kusan digiri 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zare. Wannan dabara zaren roba take kamawa, wato poliyesta. A kan auduga launin ba ya zama. Ana iya buga hoto a auduga ta wata hanyar, amma kuɗinsa ya fi. Saboda haka idan hoto ya fito tas, farashi kuma ya yi sauƙi, kusan ko yaushe roba ce. Roba kuwa ba ta shan gumi. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ma'aikacin da ya kashe rabin abin da ya rage na albashinsa don amarya ta ga ruwa mai sanyi zai kwana yana juyi cikin jiɓi.

Luru da gwadon masaƙa, waɗanda ƴan mata ke cewa na tsofaffi ne, ba su da hoto, amma auduga ce.

Ɗan kasuwa ba shi da laifi don ya kawo abin da ake so. Laifin yana wurin wanda aka tambaya, ya rantse cewa auduga ce zalla. Gwajin ba shi da wuya: a zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki, a kusantar da shi ga ashana. Auduga za ta ci wuta ta bar toka, da warin takarda. Roba za ta narke ta dunƙule, ta bar ɗan ƙwallo baƙi mai tauri.