Ƙamus na intanet: Kalma ba hujja, zance ne kawai

Duk wanda ya taɓa buɗe Wiktionary, ƙamus ɗin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki, ya san yadda Turanci ya ci gajiyarsa. A ƙarƙashin kalma za ka tarar da misali daga littafi, da sunan marubuci, da shekara, da shafi. Akwai wani fom da aka tanada domin haka: ka cike gurabe, shi kuma ya jera bayanin yadda ya kamata. Dabarar ba sabuwa ba ce. Da irin waɗannan misalai, waɗanda masu karatu suka riƙa aikawa a 'yan takardu, aka gina babban ƙamus na Oxford da aka kammala a 1928.

Idan ka koma kan kalmomin Hausa, sau da yawa sai ka ga kalma tsirara, ma'ana ɗaya a gabanta, babu wanda ya faɗe ta, babu inda aka ji ta. Ra'ayin wannan jarida shi ne, lokaci ya yi da masu aikin sa-kai a wannan fage za su juya ga waƙa, musamman waƙar baka ta arewacin Zamfara.

Dalili a fili yake. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne a ƙasar Shinkafi, kuma shi ne makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Daga sunan waƙarsa, Bakandamiya, yau ana kiran gwanintar kowane mawaƙi da wannan suna. Kassu Zurmi kuwa ya cika bakinsa da kalmomin 'yan tauri da mafarauta, irin waɗanda yaron da ya tashi a birni bai taɓa ji ba. Waƙoƙin nan ba a kaset kaɗai suka tsaya ba. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi a kan Narambaɗa a 2009, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara matanoni a Diwanin Waƙoƙin Baka. Ke nan akwai shafin da za a nuna.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. An ƙera fom ɗin ne domin littafin da marubucinsa ya zauna ya rubuta da hannunsa. Waƙar baka tana da mai ita, tana da 'yan amshi, sannan ga wanda ya saurara ya rubuta. Idan aka sa sunan farfesa a gurbin marubuci, an ƙwace wa makaɗi haƙƙinsa. Idan aka sa 2009 kawai a gurbin shekara, mai karatu zai ɗauka kalmar ta jiya ce, alhali Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Dole a rubuta duka: makaɗi, sunan waƙa, wanda ya tattara, littafi, shekarar bugu, shafi.

Abu na biyu ya fi damun mu. Akwai masu ganin "munka" da "anka" da "tahi" kuskure ne, sai su yi musu gyara zuwa Hausar Kano kafin su ɗora. Wannan ɓarna ce, ko da niyya mai kyau aka yi ta. Misalin da aka sauya wa baki ya daina zama hujja. Bargery ma, Baturen da ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1934, ya riƙa nuna cewa wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina. Bai dace mu da muka sha harshen a nono mu gaza shi ba.

Ga kuma gaggawa. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi, dattawan da za su iya warware maka kalma mai tsauri a waƙar tauri sun watsu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Littafi zai ba ka baitin, amma ma'anar sau da yawa tana bakin tsoho.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda suna da waya, suna da kakanni a kusa, kuma wannan karin harshen nasu ne. Malaman Hausa a jami'o'in Gusau da Sakkwato su ba su littattafan, su koya musu cike fom ɗin, kowane ɗalibi ya ɗauki waƙa ɗaya ya fara da kalma goma.