Ku Bar Mu Mu Yi Dariyar Ɓarayin Landan

Ran asabar a fadarmu munka kalli The Ladykillers a kwamfutar wani kamarad. Shayi na biyu bai ko sauka ba, wani yayanmu ya miƙe ya ce mun ɓata dare. Wai fim ɗin annasara ne na zamanin mulkin mallaka, wai yana koya sata, wai ɗalibi mai hankali ba ya zama yana ɓaɓɓaka dariya alhali ƙasa tana cikin halin da take. Har ya nemi a soke kallon irin waɗannan fina-finai daga tsarin ƙungiya. A wurin ban tanka ba, don girma. Amma takarda ba ta jin kunyar kowa.

Yaya, ka ce suna koya sata. To mu duba wa ya ci riba. A The Ladykillers, na 1955, ɓarayi biyar sun kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, Misis Wilberforce, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, suna cewa su makaɗa ne. Faifai suke sakawa, tsohuwa tana jin kiɗa daga ƙasa tana kawo musu shayi. Sun kwashe fam 60,000 lafiya lau. Da ta gane su, sai sunka yanke a kashe ta, amma aka rasa mai iyawa. Sunka bi juna da kisa har ba wanda ya saura, shugabansu, Alec Guinness mai haƙora a waje, ƙarfen siginar jirgi ya sauko mishi a ka. Tsohuwa ta tahi wurin ƴan sanda ta faɗi gaskiya, sunka ɗauka rikicin tsufa ne, sunka ce ta riƙe kuɗin. Wane yaro ne zai ga wannan ya yi sha'awar sata?

A The Lavender Hill Mob, na 1951, Guinness ɗin nan ne dai, ma'aikacin banki da ya shekara 20 yana rakiyar zinariya da albashin da bai taka kara ya karya ba. Ya haɗa kai da Stanley Holloway, mai ƙera kayan tsaraba, sunka narke zinariyar sunka mai da ta ƴan hasumiyoyin Eiffel don a hitar da ita Faransa. Me ya tona su? Ƴan mata ƴan lakkwal da sunka sayi guda shida a Pari. Mutumin yana ba da labarinshi a Rio kamar wani alhaji, sai a ƙarshe ka ga ankwa a hannunshi.

Ka ce kuma fim ɗin masu mulki ne. Nan ne ka hi kuskure. Ka nemi Kind Hearts and Coronets, na 1949. Wata ƴar gidan sarauta ta auri mawaƙi ɗan Italiya, dangi sunka yafe ta, da ta mutu sunka hana a rufe ta a maƙabartar gidansu. Ɗanta, Dennis Price, ya ƙudura sai ya share duk wanda ke tsakaninshi da sarautar. Mutum takwas ne, kuma Guinness shi kaɗai ya hito a matsayinsu duka, har da mace guda. Akwai janar da ba ya gajiya da labarin yaƙinshi, akwai fada mai son kwalba, akwai kwamandan jirgin ruwa da taurin kai ya nutsar da shi yana sara wa tuta. Fuska ɗaya, riguna takwas. Fim ɗin yana gaya ma cewa sojansu da cocinsu da bankinsu duk gida ɗaya ne, kuma gidan cike yake da wawaye. Wace takardarmu ta zanga-zanga ta taɓa yi wa manyan Ingila tsirara haka?

Ka tuna da lokacin ma. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma sai 1954 anka daina raba wa mutanen Ingila abinci da kati. Talakan da ya yi layin nama da safe, da dare ya shiga sinima ya ga ƙaramin ma'aikaci ya yi wa banki wayo. Kamfanin Ealing, ƙarƙashin Michael Balcon, ya san ciwon mutanenshi, ya sosa musu inda ke ƙaiƙayi.

Abu guda na ba ka gaskiya. A shekarun nan Ingila tana riƙe da Najeriya nan ƙetaren iyaka, kuma fina-finan nan ba su ko waiwayi wannan ba. Ba wanda ya tambayi daga wane rami anka haƙo zinariyar da ake wasa da ita. Wannan abin tattaunawa ne, kuma ba a tattauna fim ɗin da ba a gani ba.

Abin da ya hi damuna shi ne tsoron dariya da ya shiga ƙungiyarmu. Ka buɗe ƴan littattafanmu: maraya, kuka, kishiya ta zuba guba, wa'azi a shafin ƙarshe. Mu da munka tashi da Gizo da Ƙoƙi, mu da wasan Kara ke kwaikwayon hakimi a gabanshi, yau mu ne ke ganin barkwanci raini ne ga alƙalami! Ba mu iya shi ba ne kawai, yaya, don ya hi kuka wuya. Katie Johnson ta haura saba'in lokacin da ta yi tsohuwar nan, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, amma ta rinjayi Guinness da Peter Sellers da Herbert Lom, ta karɓi kyautar BAFTA. Wannan aiki ne da ake koyo.

Don haka ba za mu soke komai ba. Asabar mai zuwa Kind Hearts and Coronets za mu saka. Ka zo, mun aje ma tabarma a gaba. In ka ƙare shi ba ka yi dariya ba, sukari da ganyen shayin wata guda a kaina.